Daga Kano Zuwa Guangzhou: Inda Aka Saƙa Azurfa Don Ɗakunan Matan Turai

Mun tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da rana tsaka, a ƙarshen damina, cikin jirgin Habasha mai sauke fasinjoji a Adis Ababa su sauya wani. Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne sana'ata ta sarin kayan lefe, wato akwatuna da jakunkuna da madubai da ƙananan akwatunan kwalliya da ake jera wa amare, kuma na zaɓi wannan lokaci ne domin in riga babban bajekolin Kanton da ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin a watan Oktoba, wanda idan ya kama sai kuɗin masauki ya tashi a duk faɗin birnin. Daga Adis Ababa zuwa Guangzhou tafiyar dare ce ta sama da awa goma, wadda babu abin faɗa a kanta sai ciwon ƙafa.

A filin jirgin Baiyun an ɗauki hoton yatsunmu a na'ura, an duba biza, an tambaye ni adireshin inda zan sauka da sunan kamfanin da ya gayyace ni, sannan aka buga mini hatimi ba tare da wata doguwar magana ba. Dokar ƙasar ta wajabta wa baƙo ya yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24 da isowarsa, kuma otal ne ke yi wa wanda ya sauka a cikinsa, shi ya sa ba kowane masauki ne ke karɓar baƙin waje ba. Na sauka a unguwar Xiaobei, matattarar 'yan kasuwar Afirka, a wani ɗaki mai tsafta amma ƙarami ƙwarai, a kan kusan yuwan 200, kuɗin ƙasar, kowane dare. A wannan unguwa fasfo ba ya rabuwa da aljihun mutum, domin ana iya tsayar da shi a bakin titi a nemi gani. Abinci bai ba ni wahala ba, saboda akwai shagunan Musulmin arewa maso yammacin ƙasar masu ja da taliya da hannu a gaban mai saye, su zuba mata romon naman sa a kan abin da bai kai yuwan 20 ba. Tuwo da miya kuwa akwai su a wasu ɗakuna a saman benaye, amma farashinsu ya ninka na taliyar har ya wuce. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne biyan kuɗi, domin kusan kowa da waya yake biya ta WeChat ko Alipay, kuma idan ka miƙa takardar yuwan 100 sai mai shago ya shiga neman canji a wurin maƙwabta.

Tafintana wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatu a birnin, yaro mai ladabi wanda bai taɓa kirana da wani suna ba sai Alhaji. Shi ya koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ake saka jakar kowa a na'urar bincike a bakin kowace tasha, kuma kuɗin tafiya ya fara daga yuwan 2. Wata safiya muka hau layi na 5 daga Xiaobei, muka sauya zuwa na 6 a Ouzhuang, muka sauka a tashar Lambun Al'adu domin zuwa kasuwar tufafi ta Shisanhang. Kasuwa ce ta sammako, wadda kafin azahar an fara rufe shaguna, kuma cunkoson masu tura kaya a amalanke a cikinta ya fi na Kantin Kwari ranar jajibirin salla. Da muka gama abin da ya kai mu, zafi mai gumi ya rufe mu, sai yaron ya ce, "Alhaji, akwai gidan tarihi a cikin lambun nan, shiga kyauta ce, kuma akwai sanyi. Mu je ka huta, ka ga kuma irin kayan da kakannin waɗannan mutane suka sayar." Neman sanyi ya shigar da ni, amma abin da na gani a ciki shi ya canza mini sauran zaman da na yi a birnin.

Gidan tarihin, wanda aka buɗe a 2016, yana zaune ne a kan filin da gidajen cinikin Turawa suka taɓa tsayawa a bakin Kogin Lu'ulu'u, kuma daga waɗannan gidaje goma sha uku ne kasuwar tufafin ta gaji sunanta. A shekarar 1757 Sarki Qianlong ya taƙaita cinikin Turawan da ke zuwa ta teku ga wannan birni kaɗai, wanda su suke kira Kanton, kuma haka aka zauna har 1842. A tsawon waɗannan shekaru jiragen Ingila da Faransa da Holan da Suwidin da Denmak, daga 1784 kuma har da na Amurka, sukan tsaya a Huangpu, can ƙasa da birnin, a ɗauko kayansu a ƙananan jirage. Ba a yarda baƙo ya shiga cikin ganuwa ba, ba a yarda ya yi ciniki da kowa ba sai ta hannun wasu attajirai ƙalilan da hukuma ta ba izini, kuma idan lokacin ciniki ya wuce sai ya koma Makawo, garin bakin teku inda Turawan Fotugal ke zaune, ya jira shekara ta zagayo. Gobara ta cinye gidajen a 1822, aka sake ginawa, yaƙi ya sake cin su a 1841, sannan a 1856 suka ƙone ƙonewar da ba su sake tashi ba.

Akwai tangaran mai zane a wurin, da mafitai, da sassaƙar hauren giwa, da zane-zanen jiragen ruwa, amma ni a gaban akwatin gilashin azurfa ƙafata ta tsaya. A ciki akwai wata 'yar batta da ba ta fi tafin hannu ba, wadda daga nesa na ɗauka zane aka yi wa jikinta, sai da na kusanto na ga babu jikin ma sam, zare ne kawai. An yi mata ƙashi da waya mai ɗan kauri wadda ta fitar da siffar ganye da fure, sannan aka cike kowane gurbi da zaren azurfa murɗaɗɗe, siriri kamar silin gashi, an naɗe shi zagaye-zagaye, kowane naɗi yana jingine da ɗan'uwansa, har hasken fitilar da ke bayanta yana ratsowa ta tsakaninsu. A kan murfin an ɗora furanni da aka yi daban aka liƙa, an shafa musu wani fenti na gilashi, shuɗi da kore, wanda ake gasawa a wuta har ya narke ya kama ƙarfen. Na daɗe ina neman inda aka haɗa zaren da ƙashin ban gani ba, kuma duk wanda ya san ƙira ya san cewa a nan gwanintar take, domin wutar da za ta narkar da sinadarin haɗi ba ta da nisa da wadda za ta narkar da zaren kansa ya dunƙule.

Irin waɗannan battoci ba ɗai-ɗai ake yin su ba a asali, jeri ne guda na teburin kwalliyar matar mai hali a Turai ta ƙarni na 18. A tsakiya madubi ne mai firam na azurfa, a gefensa battocin hoda da na man gashi da na allurai, da kwalaben turare, da farantan da ake ɗora su, da akwatin ajiye mataji da sarƙoƙi. A wancan zamani kwalliyar safe ta manyan mata ba a ɓoye ake yin ta ba, baƙi na shigowa ana hira ana gyara gashi, saboda haka kayan teburin shaida ce ta arzikin gidan. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, domin duk wanda ya ga yadda ake jera kwalla da tangaran a ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya san cewa ba don ci kaɗai ake sayen kwano ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wata doka da yaron ya karanto mini daga bango, cewa an haramta wa matan Turawa sa ƙafa a gidajen cinikin nan, sai dai su zauna a Makawo. Ke nan maƙeran da suka yi wannan aiki sun shekara suna ƙera battar hoda da madubi ga matan da ba su taɓa gani ba, ga wata al'ada ta kwalliya da ba tasu ba, suna aiki da zane ko samfurin da wani matuƙin jirgi ya kawo musu.

Ita kanta azurfar baƙuwa ce. Turawa na son shayi da siliki da tangaran, Sinawa kuwa ba su da bukatar yawancin abin da Turai ke yi, don haka da tsabar azurfa ake biyansu, galibi dalar Sifen da aka haƙo ƙarfenta a Meziko da Potosi ta Kudancin Amurka, wadda wani kasonta ke biyowa ta Manila ta ƙasar Filifin. Maƙeran Kanton sukan narka waɗannan daloli su ja su su zama zare, su sayar wa mutanen da suka kawo su. Azurfa ta shigo a matsayin kuɗi ta fita a matsayin batta, abin da birnin ya ƙara mata kawai shi ne aikin hannu, wanda a lokacin ya fi na Landan arha nesa ba kusa ba. Wannan kwararar azurfa ce kuma Turawan Ingila suka nemi juyawa da cinikin ofiyam, wani abin maye, har aka kai ga yaƙin 1839 zuwa 1842 da yarjejeniyar Nanjing, wadda ta buɗe tashoshi biyar ta kuma miƙa musu Hong Kong.

Ranar Juma'a mun yi salla a masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da mutanen wurin ke dangantawa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, ko da yake abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Bayan salla muka leƙa masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya ta kusan mita 36, wanda ke tuna wa mutum cewa Larabawa da Farisawa sun yi ciniki a wannan kogi ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya iso. Na kawo wannan ne saboda cikin kayan saƙar azurfa na Kanton akwai kwalaben yayyafa ruwan wardi, masu ƙaton ciki da dogon wuya siriri mai huje-huje a baki, waɗanda siffarsu ta Indiya da Farisa ce, kuma da yawansu don kasuwannin Indiya da ƙasashen Musulmi aka yi su. Maƙeran ba su ware mai saye ba, duk wanda ya zo da kuɗi da samfuri an yi masa.

Daga nan sai na sa wa raina neman irin wannan kaya a kasuwa. Muka nufi unguwar Xiguan, inda shagunan kayan da suke jere a gefen wani ƙaramin rafi, muka yi ta shiga muna fita. Abin da aka fi nuna mana farin ƙarfe ne na haɗin tagulla da nikel, wanda aka shafa wa baƙi don ya yi kama da tsoho, wasu kuma aikin inji ne da aka zuba a mazubi, wanda idan ka juya bayansa sai ka gan shi a shafe, babu zare ko ɗaya da ya rabu da ɗan'uwansa. A wani shago na can ciki muka sami wani dattijo mai gilashi a goshi, wanda da ya ji abin da muke nema sai ya yi dariya, ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofuna, ya ce wa yaron ya gaya mini cewa na zo neman kayan a wurin da ya fi ko'ina ƙarancinsu. An yi su ne don a fitar, kuma an fitar da su, shi ya sa mafi yawan abin da ake gani yau a gidajen tarihin ƙasar daga gwanjon Turai da Amurka aka sayo shi aka dawo da shi gida.

Dattijon ya buɗe wata durowa ya fito da buroshin gashi da madubin hannu na ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda ba saƙar zare ba ce, bugu ne aka yi wa faifan azurfa daga baya har siffar gora da furanni da macijin nan na almarar Sinawa suka taso. Ya nuna mini gefen madubin da gilashin ƙara girma, inda aka buga haruffa biyu na boko, da lamba 90, da wani harafin Sinanci guda. Haruffan bokon, in ji shi, na mai shagon da ya sayar ne, irin su Wang Hing na Hong Kong ko Luen Wo da Tuck Chang na Shanghai, lambar tana nufin kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, wato ta ɗan gaza ta Ingila mai kashi 92.5, harafin Sinancin kuwa shi ne na maƙerar da ta yi aikin. Tsofaffin shagunan Kanton irin su Cutshing da Khecheong har tambarin da ya yi kama da hatimin gwamnatin Ingila sukan buga, da zaki da kan sarki, alhali babu wata hukuma a ƙasar Sin da ke auna kayan azurfa ta buga musu hatimi a lokacin, kuma wannan ya sa an daɗe ana ɗaukar kayansu a matsayin na Ingila. Saƙar zaren ƙarni na 18 kuwa yawanci ba ta da tambari ko kaɗan, ga shi ana yin irinta a Indiya da Batabiya, wato Jakarta ta yau, da Manila, saboda haka masana kan yi ta jayayya a kan asalin batta guda.

Sai ya ɗauko waya ya nuna mini hotunan jerin da ya ce babu kamarsa, wanda ke gidan tarihin Hermitage a birnin Santa Fitasbag na Rasha. Na Sarauniya Katarina ce, wadda ta mulki Rasha daga 1762 zuwa 1796, an yi shi tsakanin 1740 da 1750, kuma ya ƙunshi abubuwa sama da 30. A cikinsu abin da ya fi tsaya mini a rai battoci ne masu siffar ƙaguwa, kowace a zaune a kan farantin da aka yi shi kamar ganye, da ƙafafunta da ƙahonninta duk na zare. Ban ga dalilin da zai sa mace ta so ganin ƙaguwa a gaban madubinta da sassafe ba, amma a matsayin aikin hannu ban taɓa ganin abin da ya kai su ba. Na tambayi kuɗin madubin da ke hannunsa, ya faɗi abin da ya fi kuɗin tikitina na zuwa da dawowa, sannan ya ƙara da cewa ko na biya ba zan fita da shi ba, domin dokar ƙasar ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Abin da aka ƙera musamman don ya bar ƙasar, yau idan ya dawo ba shi da izinin sake fita.

Shi ne ya kwatanta mana wani ƙaramin shago kusa da titin Enning, titin da aka sani da masu bugun tagulla, inda wata mata matashiya ke aikin zaren har yanzu. Mun same ta a kan wani tebur da bai fi na tela ba. Ta ɗauki waya ta azurfa ta gasa ta har ta yi laushi, ta zura bakinta a ramin wani faifan ƙarfe mai ramuka jere daga babba zuwa ƙarami, ta kama da awartaki ta ja, ta koma rami na gaba, tana komawa wuta lokaci-lokaci don kada wayar ta yi tauri ta tsinke. Da ta kai sirantar da take so sai ta haɗa biyu ta murɗa su, ta bi ta kansu da abin daddanna har suka baje, gefensu ya fito da ɗan tsaga-tsaga mai kama haske. Da hantsaki take naɗe zaren, tana yanka, tana cusa kowane naɗi a gurbinsa cikin ƙashin ganyen, ba abin da ke riƙe da shi sai matsin 'yan'uwansa. Daga ƙarshe ta barbaɗa garin sinadarin haɗi, ta bi da harshen wuta a hankali, sai na ga garin ya yi ƙyalli ya ɓace cikin mahaɗan, ita kuma ta janye wutar a daidai wannan lokacin. Ganye ɗaya tak ta gama a zaman da muka yi, kuma batta ƙarama tana cin irinsa da dama.

Ina kallonta ina tuna maƙeran farfaru na gida, waɗanda kakana na wajen uwa yana cikinsu. Su ma da tsabar kuɗin waje suka yi aiki, dalar Mariya Tireza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda fatake suka shigo da ita aka yi ta narkawa ana yin munduwa da zobe da kayan adon doki, kuma su ma sun san jan waya da murɗa ta. Bambancin yana wajen mai saye. A wurinmu azurfa da zinariya ajiya ce ta mace, sikeli ne ke yanke musu daraja, kuma ranar da bukata ta taso ko yayi ya wuce sai a mayar wa maƙeri ya narka, shi ya sa da wuya ka sami aikin maƙerin Kano na shekara ɗari biyu a hannun jikokin mai shi. Saƙar zare kuwa ba ta da nauyin kirki, kusan duk kuɗinta ladan hannu ne, wanda ya narka ta ya yi asara. A ganina wannan na cikin abin da ya tsirar da battocin Kanton a gidajen Turai, inda aka sha narka manyan farantan azurfa a lokutan yaƙi.

Na sayi batta ɗaya sabuwa a wurin matar a kan yuwan 900, na karɓi rasit mai nuna cewa aikin bana ne saboda masu duba kaya a filin jirgi, waɗanda suka buɗe jakar hannuna suka duba ta suka mayar. Sauran kwanakin sun tafi a wurin masu auna kaya da masu loda kwantena, sannan muka biyo ta Adis Ababa muka sauka Kano da rana, ƙurar hunturu ta fara sauka.

Bayan na huta na kai battar Kasuwar Kurmi wurin wani tsohon maƙeri, abokin kawuna. Kafin ya dube ta sai da ya ɗora ta a sikeli, ya faɗi kuɗin azurfar da ke cikinta, wanda bai kai rabin abin da na biya ba. Sannan ya ɗaga ta sama wajen hasken ƙofa, ya daɗe yana juya ta, yana bin mahaɗan da farce. Ya ce, "Ɗana, jan zaren nan ba zai gagare ni ba, haɗin ma in na yi ta gwadawa zan iya. Amma aikin mako biyu ne ko fiye, kuma duk wadda ta shigo nan nauyi za ta tambaya." Ya roƙi in bar masa ita zuwa wata Juma'ar domin ya nuna wa yaransa biyu da ke koyon aiki, na bar masa.